Hubert Ogunde: Ɗan rawar da aka ci tara a Kano, ya ƙare a kujerar zaɓar wa Najeriya 'yan rawa

A shekarar 1951 wata tawagar 'yan wasa daga Legas ta sauka a Kano da gangunanta da masu rawarta. Shugabanta, Hubert Ogunde, ya sa aka lilliƙa takardun talla domin sanar da wasan da ya zo da shi, mai suna Bread and Bullet, wato burodi da harsashi. Hukuma ta hana wasan, aka kama shi, aka tuhume shi da tunzura jama'a. Tuhumar ba ta tsaya a gaban kotu ba, amma ba a bar shi ya tafi salin-alin ba: an ci shi tarar fam 6 saboda liƙa takardu ba tare da izini ba. Bayan shekara 35 gwamnatin Najeriya ta kira wannan mutumin, ta damƙa masa aikin tantance waɗanda suka isa su yi rawa da sunan ƙasar baki ɗaya.

Matasan yau sun saba ganin irin wannan sauyin kujera a talabijin. Ɗan rawa ya yi tashe, gwiwa ta fara ciwo, sai a gan shi bayan tebur yana ba wa na baya maki. Haka Len Goodman ya yi a Ingila, ya bar fagen gasa ya zama babban alƙalin shirin Strictly Come Dancing na BBC daga 2004. A nan gida ma, a gasar Maltina Dance All, ƙwararrun 'yan rawa ne suka riƙa zama a kujerar hukunci. Abin ya sha bamban da yadda aka san rawa a dandalin ƙauye. A garuruwan yammacin Kano, daga Mainika zuwa Kabo da Gwarzo, idan mai kalangu ya saki kiɗa a wajen biki, babu wani tebur. 'Yan kallo ne alƙalai, liƙi ne makinsu, wanda bai iya ba kuma guɗa ce kawai ba za ta tashi a kansa ba. Da zarar an kafa kujera, akwai wanda ya kafa ta, akwai kuma abin da yake so a gani. Ogunde ya shafe kusan shekara 40 a hannun alƙalan dandali, masu kujera suna binsa da tara da takunkumi, sannan ya yi shekara huɗunsa na ƙarshe a kan kujerar.

An haife shi ranar 10 ga Yuli, 1916 a Ososa, kusa da Ijebu-Ode, a Jihar Ogun ta yanzu. Mahaifinsa mutumin coci ne, kakansa na wajen uwa kuma malamin duba ne na addinin gargajiyar Yarabawa da ake kira Ifa. Yaron ya tashi tsakanin gidajen biyu, yana jin waƙoƙin coci a nan, yana jin kirari da ganguna a can, yana kuma bin 'yan wasan dodanni da ake kira alarinjo, waɗanda ke yawo gari-gari suna rawa da tsalle-tsalle. Ya yi aikin koyarwa da kaɗa molon coci na shekaru, sannan a 1941 ya shiga aikin ɗan sanda. Yana sanye da kakin Turawa ne wani cocin Aladura da ke Ebute-Metta ya roƙe shi ya shirya masa wasa domin tara kuɗin gini. A 1944 aka nuna wasan a zauren Glover da ke Legas, Nnamdi Azikiwe na shugabantar taron. Labarin Adamu da Hauwa'u ne, amma da gangunan Yarabawa da rawarsu. Mutane suka cika zauren, kurtun ɗan sanda ya gane cewa akwai abinci a wannan sana'a.

A 1945 ya kafa ƙungiyarsa, African Music Research Party, a shekara ta gaba kuma ya ajiye kaki. Ita ce ƙungiyar wasan kwaikwayo ta zamani ta farko a Najeriya da ta dogara kacokan ga kuɗin ƙofa, take kuma biyan 'yan wasa albashi.

Tun daga nan ya fara zaman tantancewa, kuma wannan ɓangaren tarihinsa ba a cika tsayawa a kansa ba. Ya buga talla a jarida yana neman 'yan mata da za su yi wasa a biya su. A lokacin, iyaye a Legas suna kallon 'yar rawa kamar yadda iyaye da yawa a Kano ke kallon 'yar fim a yau. Waɗanda suka zo ba sa daɗewa, aure ko matsin gida ya janye su. Maganin da Ogunde ya samo shi ne ya aure su. Ya tara mata fiye da goma, akasarinsu 'yan wasansa, 'ya'yansu ma suka taso cikin ƙungiyar. Masu yabonsa na cewa da haka ya kare mutuncin matan a idon jama'a, ya kuma riƙe ƙungiyar ba ta watse ba, akwai gaskiya a ciki. Amma mutumin da ke zaɓar wadda za ta tsaya a sahun gaba shi ne mai biyan albashi, shi ne kuma mai gida da dare. Wuya ne a ce 'yar rawa a irin wannan tsari tana da wata ƙofar da za ta kai ƙara. Fitacciyar cikinsu, Adeshewa, wadda ta yi shekaru tana jagorantar rawa da waƙa a ƙungiyar, ta rasu a haɗarin mota a 1970.

Siyasa ta shigo wasanninsa da wuri. A tsakiyar 1945 ma'aikatan Najeriya, ƙarƙashin jagorancin irin su Michael Imoudu, suka shiga yajin aikin gama-gari na sama da kwana 40 saboda tsadar rayuwar da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari. Ogunde ya mayar da labarin wasa mai suna Strike and Hunger, yajin aiki da yunwa. A Legas an bar shi ya nuna. Da ya hau Arewa a 1946, a Jos, garin ma'aikatan haƙar kuza, 'yan sanda suka tsayar da shi, aka kai shi kotu aka ci shi tarar fam 125, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Turawan mulki sun daɗe da ɗaukar Arewa a matsayin lambun da suka katange, ba sa son iskar jaridun Legas ta shigo. Jarida kuwa sai wanda ya iya karatun boko. Kiɗa da rawa ba sa neman wannan sharaɗi, leburan da bai taɓa riƙe alli ba zai gane sarai wane ne azzalumin sarkin da ake nunawa a dandamali.

A 1947 ya nemi fasfo domin zuwa Ingila aka hana shi, sai da jaridar West African Pilot ta Azikiwe ta tayar da ƙura sannan aka ba shi. A Landan ya shiga makarantar rawa ta Buddy Bradley, wani Baƙar fatar Amurka da ya yi suna wajen tsara rawa, ya koyi rawar buga ƙafa da takalmi mai ƙarfe da sauran salon Turawa. Ya dawo ya gauraya su da na gida, ya shigo da kayan busa na zamani, ya ƙirƙiro buɗe wasa da rawa mai zafi ta 'yan mata wadda ke sa mutane cika zaure tun kafin a fara labari. Ɗan kasuwa ne na gaske, bai taɓa ɓoye hakan ba.

Wasan da ya kawo Kano ya fi na baya ɗaci. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda ƙarƙashin wani jami'in Bature suka buɗe wuta kan ma'aikatan haƙar kwal a Iva Valley da ke Enugu, suka kashe 21, suka raunata 51. Laifinsu neman haƙƙin aikinsu. Wannan jinin ne Ogunde ya ɗora a dandamali, ya yi yawo da shi. Ya kuma iso Kano a lokacin da tukunya ke tafasa. A watan Agustan 1950 aka kafa NEPU a birnin, matasa suna magana a fili kan zaluncin En'e da haƙƙin talakawa, 'yan doka na kama su, alƙalai na ɗaure su. Malam Aminu Kano da kansa ya san ƙarfin wasan kwaikwayo, domin tun yana ɗalibi yake rubuta wasanni masu zolayar masu mulki. Hukumar da ke fama da wannan a cikin gida ba za ta zuba ido wani baƙo ya nuna wa jama'a 'yan sanda suna harbin talaka ba.

Yadda aka hukunta shi ma abin lura ne. Babbar tuhuma ta faɗi, sai aka koma kan takardar izini. Dabara ce da ba ta tsufa ba. A 2007, lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta tsananta wa masu rawa da waƙa, an ɗaure Adam A. Zango kan faifansa na Bahaushiya, kuma ginshiƙin tuhumar shi ne fitar da faifan ba tare da an tace shi ba. Mai mulki ya fi son ya ce ba a cike takarda ba, da ya tsaya yana gardama kan abin da rawar ke faɗa.

Takunkumi mafi tsanani bai zo daga Turawa ba, ya zo ne daga 'yan'uwansa bayan samun 'yanci. A 1959 aka buɗe gidan talabijin na WNTV a Ibadan, na farko a ƙasar, wasannin Ogunde suka shiga ɗakunan mutane. A 1960 shi aka ba aikin shirya wasan bikin 'yancin kai, Song of Unity. Sai rikicin jam'iyyar Action Group ya ɓarke tsakanin Obafemi Awolowo da mataimakinsa Ladoke Akintola, har aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara 10 a 1963. A farkon 1964 wata ƙungiyar Yarabawa mai kusanci da gwamnatin Akintola ta ɗauki nauyin Ogunde ya yi mata wasa a Ibadan. Ya kawo musu Yoruba Ronu, wato Yarabawa ku yi tunani: labarin sarkin da mataimakinsa ya ci amanarsa ya sa aka kulle shi, daga baya jama'a suka dawo da shi. Firimiya Akintola na zaune a zauren. Bai jira ƙarshe ba ya tashi ya fita. Aka haramta wa ƙungiyar yin wasa a duk faɗin Jihar Yamma, aka cire muryarsa daga rediyo da talabijin na yankin. Mafi yawan masu sayen tikitinsa suna can, don haka an taɓa masa tukunyar tuwo ne kai tsaye. Martaninsa wani wasan ne, Otito Koro, gaskiya ɗaci gare ta.

Mai karatu a Arewa yana da dalilin jin wannan babi da wani irin nauyi. Akintola abokin ƙawancen Sardauna ne, kuma wasan kira ne ga ƙabila ɗaya ta haɗa kanta. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 1966, ta hannun Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi, makonni kaɗan bayan juyin mulkin 15 ga Janairu da ya ci rayukan Akintola da Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bindiga ce ta buɗe wa Ogunde ƙofar da gwamnatin farar hula ta rufe. Wannan bai mayar da takunkumin daidai ba, amma daga nan dangantakarsa da masu mulki ta ɗauki wata hanya.

Daga 1966 ya ƙara karkata ga rawa zalla, wadda ba ta buƙatar tafinta. Gwamnatin soja ta tura ƙungiyarsa bikin baje koli na duniya a Montreal ta Kanada a 1967, ya ratsa ta Amurka ya yi wasa a zauren Apollo na Harlem. Ana tsakiyar yaƙin basasa ya yi Keep Nigeria One, a 1976 kuma ya yi wasa kan Janar Murtala Muhammad bayan kashe shi. Sannan ya koma fim: Aiye da ya yi tare da Ola Balogun a ƙarshen shekarun 1970, da Jaiyesimi, da Aropin N'Tenia, fina-finan mayu da bokaye da suka cika gidajen sinima suka kawo masa dukiya. Ya gina wurin shirya fim a mahaifarsa Ososa.

A 1986, yana ɗan shekara 70, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta nemi ya kafa wa ƙasa ƙungiyar 'yan wasa tata ta kanta. Tunanin ya daɗe yana yawo, musamman bayan FESTAC na 1977, lokacin da aka ga ƙasashe irin su Gini suna da tsayayyun ƙungiyoyin rawa na ƙasa, Najeriya kuwa sai ta tattaro mutane idan biki ya taso ta sallame su idan an watse. Ogunde ya karɓa. Aka tace 'yan rawa da makaɗa daga sassan ƙasar, aka tara su a Ososa, aka yi musu horo mai tsanani. Wannan zama shi ne ake kira gwajin Ososa, kuma daga cikinsa aikin rawa mai suna Destiny ya fito, wanda ya haɗa raye-rayen ƙabilu masu yawa a labari guda.

Ma'aunin da ya yi amfani da shi sabo ne. A ƙauye, gwanin rawa shi ne wanda ya fi kowa iya rawar garinsu. Gwajin Ososa kuwa yana so ya tabbatar cewa mutum ɗaya zai iya ɗaukar rawar wasu ya yi ta kamar a cikinta aka haife shi: wanda ya tashi da bata ta Yarabawa ya koyi swange ta Tibi, wanda ya saba da atilogwu ya shiga sahun rawar Hausa ko ta Fulani. Ga ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa shekara 16 kacal, wannan ba ƙaramin buri ba ne, kuma an ga ya yiwu. Jiki yakan koyi abin da baki ya ƙi furtawa.

Sai dai kowane ma'auni yana da waɗanda yake zubarwa. Tsohon gwanin da ya shafe rayuwarsa a rawa ɗaya, wanda duk yankinsu ke tasowa kallo, zai iya faɗuwa a irin wannan tantancewa, yaro mai saurin kwaikwayo ya wuce. Rawar ita kanta tana sauya kama. Wadda ake kwana ana yi sai a datse ta zuwa 'yan mintoci. Da'irar dandali, inda mai kallo ke iya faɗawa fage idan kiɗa ya ratsa shi, sai ta miƙe ta zama sahu mai fuskantar manyan baƙi. Rawar da ke da alaƙa da bauta ko warkarwa, irin ta bori, sai a ɗauki motsin a bar abin da ke haifar da shi. Duk wanda ya kalli koroso a bikin gwamnati a Kano ya ga kyakkyawar rawa da aka gyara wa dandamali da agogo. Alƙalan gasar talabijin na yau wannan aikin suke ci gaba da yi, illa dai su kamara da mai talla suke yi wa awo. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya, kuma a Ososa gwamnati ce ta ɗauko makaɗan.

Shekarar da ya hau kujerar ba ta kwanciyar hankali ba ce. A watan Afrilun 1986 ne aka sako Fela Anikulapo-Kuti daga kurkuku. A watan Mayu 'yan sanda suka shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka harbe ɗalibai. A watan Oktoba aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin ƙunshin wasiƙa. Mutumin da ya taɓa ɗaukar gawarwakin Iva Valley ya kawo su har Kano, a wannan shekarar yana Ososa yana daidaita sahun rawar haɗin kan ƙasa.

Da sauƙi a ce an saye shi, amma tarihinsa bai ba da wannan hukunci kai tsaye ba. Ogunde ya karɓi aikin kwangila tun ranar farko, daga coci, daga gwamnati, har daga mutanen Akintola waɗanda ya ci kuɗinsu ya kuma faɗa musu abin da ba sa son ji. Abin da ya ba shi wannan ƙarfin hali shi ne ƙungiyar tasa ce, motar tasa ce, idan an rufe masa gari ɗaya ya nufi wani, masu biyan kuɗin ƙofa suna jiransa. A 1986 wannan ƙasar da yake takawa ta fara zaftarewa. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar Naira, kuɗin sayo fim da wanke shi a ƙasashen waje ya fi ƙarfin masu sana'ar, ƙungiyoyin wasa masu yawo suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ga dattijo mai shekara 70 da ke son abin da ya gina ya rayu bayansa, kujerar gwamnati mafaka ce. Ya sami damar bai wa matasa 'yan rawa abin da shi bai samu ba, wato albashi da suna da fasfo ba tare da an yi faɗa a jarida ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙungiyar da aka kafa domin ta tarbi shugabanni ta wakilci ƙasa a waje ba wurin da za a shirya wani Bread and Bullet ba ne, kuma tsohon ɗan sanda ya fi kowa sanin haka.

Aikinsa na ƙarshe ya dawo da shi Arewa. An zo ɗaukar fim ɗin Mister Johnson, wanda Bruce Beresford ya ba da umarni, Pierce Brosnan ya fito a matsayin jami'in mulkin mallaka. An ciro labarin daga littafin Joyce Cary na 1939, littafin da yadda ya siffanta ɗan Afirka ya ɓata wa Chinua Achebe rai tun yana ɗalibi. Labarin wani akawu ne mai son kiɗa da rawa da kashe kuɗi, wanda a ƙarshe Baturen da ya yi masa shari'a ya harbe shi da hannunsa. Ogunde ya taimaka wajen shirya fim ɗin, ya kuma fito a matsayin wani dattijo mai suna Brimah. An yi aikin a yankin da ke kewaye da Jos, garin da aka fara gurfanar da shi shekara 40 da ɗoriya kafin nan. A lokacin wannan aiki ciwo ya kama shi, aka kai shi Landan, ya rasu a asibitin Cromwell ranar 4 ga Afrilu, 1990, yana da shekara 73.

Bai ga dokar da ta tabbatar da ƙungiyar ba. Sai a 1991 gwamnatin soja ta fitar da ita, ta haɗa ƙungiyar 'yan wasan ƙasa da babban zauren wasanni na Iganmu a Legas. Gidansa na Ososa, inda aka yi zaman tantancewar, iyalinsa sun mayar da shi gidan tarihi, an jera gangunansa da tufafin wasa da tsofaffin takardun talla.